Lissafin Rumbu: Yadda Bashi Ke Shiga Gida a Madarunfa da Yadda Ake Rage Shi

Da an ce tsara kuɗin gida, mai albashi ne ke faɗo wa mutum a rai: wata ya yi, kuɗi ya shigo, a ware na haya, na cefane da na makarantar yara, abin da ya saura a rage bashi. Wannan lissafi ya yi daidai da malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti. Amma a gundumar Madarunfa, wadda hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya ta ratsa, masu albashi ba su da yawa. Ƙidayar 2012 ta samu mutane kusan dubu 450 a gundumar, akasarinsu manoma. Babban samunsu sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka, cikin damman gero da buhunan wake da gyaɗa. Sai ɗan abin da lambun Jiratawa, ko sun kifi a tabkin Madarunfa, ko cin rani a Najeriya ya ƙara. Ɗora tukunya kuwa kullum ne. Yawancin bashin gida a wannan tazarar yake samo asali.

Mu bi shekarar daki-daki. Daga Oktoba zuwa Disamba kowa na da hatsi, kowa kuma na neman kuɗi a hannu: an koma makaranta, ga haraji, ga bukukuwan da aka jinkirta sai bayan girbi, ga masu bin bashin bara sun iso ƙofar gida. Kowa ya fitar da tiya kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi, 'yan kasuwa su saya su kimshe. Zuwa bazara rumbu ya yi ƙasa. Ruwa na sauka sai buƙatu su taru wuri ɗaya: iri, taki, kuɗin 'yan barema, ga zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta daga Agusta. A daidai lokacin ne hatsi ya fi tsada. Manomin da ya sayar da arha sai ya dawo ya sayi irin hatsin nan da tsada, sau da yawa da kuɗin aro. Abin ba na yau ba ne. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana irin wannan zagaye a littafinta na 1972. Maraɗi ta ga mafi muninsa a yunwar 2005, lokacin da gidaje da dama suka ci bashi don su kai kaka, amfanin gona na zuwa kuma wani kaso nasa ya tafi biyan masu bashi.

Saboda haka kasafin gida a nan da tiya ake fara shi. Tiyar gero tana kai kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ne. Gidan da ke cin tiya biyu a rana, tsakanin fura da tuwo, buhu guda zai kai shi kwana 20, a shekara yana bukatar buhu 18 da ɗan ɗoriya. Idan abin da aka sussuke ya tashi buhu 12, to tun ranar girbi an san akwai giɓin wata huɗu. Duk buhun da aka ƙara fitarwa kasuwa kwana 20 ne aka ƙara wa giɓin. Uwargida ta san wannan lissafi ko ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, don ita ke auna tsaba kowace safiya. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne yin lissafin tun da kaka, kafin a fara sayarwa, maimakon a bari sai gindin rumbu ya bayyana.

Bashin da ake cike giɓin da shi ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne abin ke rikita mutane. Akwai rancen ɗan'uwa, wanda ba ruwa a cikinsa, sai dai nauyin ido. Akwai littafin mai shago, inda ake rubuta sukari, sabulu, mai da magi har a samu kuɗi. Shi ma ba a kiran ruwa, amma mai ɗaukar kaya bashi ba ya iya tayawa, ba ya kuma iya zuwa wani shagon da ya fi sauƙi. Akwai falle, wato a karɓi hatsi ko kuɗi da damina a biya da hatsi da kaka. Akwai asusun ƙungiyar mata, da rancen ƙananan bankuna. Akwai kuma jinginar gona.

Falle ya cancanci a tsaya a kansa, domin tsadarsa ɓoye take. Sharuɗɗansa sun bambanta daga gari zuwa gari, don haka alƙaluman da ke tafe misali ne kawai. Za mu yi lissafin da jika, wato sefa 1,000. A ce magidanci ya karɓi buhu guda a Yuli, lokacin yana jika 30, bisa alkawarin zai mayar da biyu a Oktoba, lokacin kowane yana jika 20. Mai bayarwa zai ce ribarsa jika 10 ce kacal, kuma a lissafin ranar biya gaskiya ya faɗa. Amma buhu biyun da suka bar gidan abincin kwana 40 ne, kuma a Yulin baɗi za a neme su, lokacin da sayensu zai ci jika 60. Buhu ɗaya da aka ci bana ya buɗe giɓin buhu biyu baɗi. Idan aka sake cike shi da falle, na gaba huɗu ne. Haka gidan da ya yi noma lafiya lau ke wayar gari amfaninsa ba ya kai shi bazara.

Asusun mata kuwa tarihinsa na wannan jiha ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara gwada tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ta ɗora shi a kan adashen da mata suka riga suka sani. Daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. Mata kamar ashirin zuwa talatin suna haɗuwa kowane mako, kowacce ta zuba abin da aka amince, a kulle a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban. Mai buƙata ta ranta daga ciki, ta mayar da ɗan ƙari wanda su da kansu suka yanke, sau da yawa kashi 10 cikin 100 a wata. Adadin yana da nauyi, sai dai ƙarin ba ya fita waje: ƙarshen zango ana fasa asusu a raba, mai rancen ma tana da rabonta a ciki. Ƙananan bankuna kuma doka ta yi musu iyaka. Daga 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO sun ƙayyade cewa ruwan rancensu kada ya wuce kashi 24 cikin 100 a shekara, wato kamar kashi 2 a wata. Akwai magidanta da yawa da ke ƙaurace wa duk wani rance mai ƙari saboda hukuncin riba, wannan kuwa magana ce da mutum zai kai wa malaminsa. Ta fuskar lissafi zalla, abin lura shi ne rancen da ke faɗin ruwansa a fili ba lallai ne ya fi wanda ke ɓoye shi tsada ba.

Jinginar gona ita ce misalin ƙarshe na rancen da ke ɓoye ruwansa. Ba a ƙara ko dala a kan kuɗin da aka karɓa, amma mai kuɗin ne ke noma gonar har ranar da aka biya shi. Kowace damina amfanin gonar gaba ɗaya shi ne ruwan bashin, kuma abin da za a biya bashin da shi ne aka miƙa. A kudancin Maraɗi, inda jama'a suka yi yawa gonaki suka ƙanƙance, gonar da aka jinginar ta daɗe takan zama an sayar. Tun bayan dokar ƙasar noma ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ke rubuta takardar shaidar jingina, kuma wannan takarda ce ke raba gardama idan shekaru sun ja, shaidu sun mutu.

To, ina za a rage? Ƙananan kashe-kashen yau da kullum ne aka fi ambata, kuma suna da tasiri fiye da yadda ido ke gani. Dala arba'in, wato sefa 200, da ke tafiya kullum a shayin majalisa, goro, sigari ko katin waya, jika 6 ce a wata, sama da jika 70 a shekara. A farashin misalinmu buhu uku da rabi ke nan da kaka. Man babur ma ya shiga wannan sahu tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, man 'yan ruwa-ruwa da garuruwan iyaka suka saba da arharsa ya tashi. Amma wannan hanya tana da iyaka. Gidan da tukunyarsa ba ta wuce tsaba, kuka, daddawa da gishiri ba, babu abin yankewa a cikinta sai abincin yara ko maganinsu, wanda kuwa ya taɓa waɗannan zai biya ninki a asibiti. Ƙananan yara masu tamowa da ake kwantarwa a asibitin Madarunfa duk damina sun isa shaida.

Manyan kuɗaɗen suna wajen sha'ani: ragon suna, kayan ɗaki, akwatin aure, ɗinkin salla, ragon layya. Waɗannan ba kullum suke zuwa ba, shi ya sa ba a sa su cikin lissafi, alhali yawancinsu ana sanin zuwansu da watanni. Ɗan rago da aka saya da wuri aka turke a gida ya fi sauƙi a kan wanda za a saya ana gobe suna, ko da yake satar dabbobi a yankunan Gabi da Ɗan Isa ta sa ajiye dukiya a bisashe ya zama abin dubawa sau biyu. Akwai kuma bikin mata, gudummawar da ake kai wa juna wadda al'ada ta ce a mayar da ita da ƙari. Bashi ne sosai, ko da ba a kiransa haka, kuma yakan zo ba shiri. Maigida sau da yawa bai san yawansa ba, domin a gidan Bahaushe aljihun miji daban, na mata daban: kuɗin ƙuli-ƙulinta, awakinta da amfanin gamanarta nata ne. Lissafin da bai haɗa da abin da ake bin uwargida ba rabin lissafi ne, kuma ba a samunsa sai ta yarda ta faɗa.

Zama bakin iyaka ya ƙara wani abu. Wanda ya tafi cin rani Kano ko Katsina naira yake samowa, bashinsa na gida kuwa sefa ne. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuma tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube daga kusan 460 a dalar Amurka zuwa sama da 1,400 a farkon 2024. Aiki iri ɗaya, gumi iri ɗaya, amma abin da ake canzawa ya ragu. Iyakar ma ba ta da tabbas: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Cin bashi da niyyar biya da kuɗin cin rani yana ɗauke da wannan kasada.

Akwai dabarar da aka tsara musamman don matsalar sayar da arha, wadda hukumar FAO ta yaɗa a Nijar daga ƙarshen shekarun 1990. Ana kiranta warantaj, wato jinginar hatsi. Ƙungiyar manoma ta tara buhunanta a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba kowa kuɗi ƙasa da darajar hatsinsa a farashin kaka, ya biya buƙatunsa ko ya ja jari, bayan wata biyar ko shida ya biya ya karɓi kayansa. A misalinmu, buhun jika 20 zai iya samar da rancen jika 16. Ruwan kashi 2 a wata, na wata shida, bai kai jika 2 ba, a ƙara ɗan kuɗin ajiya, a ce duka jika 2 da rabi. Mutum ya riƙe buhun da zai kai jika 30 da damina. Sharaɗin shi ne ya samu abin biya ba tare da taɓa hatsin ba, kuma farashi ya tashi kamar yadda aka saba. Ba kowace shekara yake tashi ba. Sayar da hatsin gwamnati a farashi mai rahusa, ko hana fitar da hatsi waje kamar yadda aka yi a Oktoban 2024, na iya danne shi.

Saura tambayar wanne za a fara biya. Masu ba da shawara kan kuɗi sun kasu biyu: wasu na cewa a fara da ƙaramin bashi don a samu ƙwarin gwiwa, wasu na cewa a fara da mai ruwa mafi yawa. A ganina, a Madarunfa ta biyun ce ta fi, muddin an auna ruwan da buhu ba da abin da mai bashi ya faɗa ba. Da wannan ma'auni falle da jinginar gona ne a gaba, domin su ne ke cin amfanin baɗi. Littafin mai shago a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan don ƙofar ta zauna a buɗe ranar larura. Ɗan'uwa kuma a je a same shi a nemi lokaci, a sa rana, kada a yi shiru har zumunci ya yi tsami. Na kuma fi karkata ga cewa sha'ani ɗaya da aka taƙaita ya fi wata shida na ƙauracewa shayi, duk da na san wanda zai sha surutun dangi ba zai ga sauƙin maganar ba.

Lokacin yin wannan lissafi kuwa shi ne makon da aka gama ɗaurin dammai, kafin tiya ta farko ta fita kasuwa. Mai karatu ya zauna da iyalinsa, a ƙirga abin da ke rumbu, a raba shi da abin da ake ci a rana, a jera duk masu bin gidan bashi, na miji da na mata, sannan a yanke buhu nawa za a sayar.