Jakar makaranta: Nauyin da ya dace yaro ya goya

Da zarar an koma makaranta a watan Satumba, hankalin iyaye kan karkata ga kuɗin makaranta da yunifom da littattafai. Jaka kuwa sai a ƙarshe ake tunawa da ita, kuma sau da yawa babba ake zaɓowa a Kasuwar Sabon Gari ko ta Wuse, bisa lissafin cewa yaro zai girma ya kamo ta, a huta da sayen wata na shekara biyu ko uku. Wannan dabara tana sauƙaƙa wa aljihu, amma gadon bayan yaron ne ke ɗanɗana kuɗarsa, domin babbar jaka ba ta zama ba a cika ta ba.

Shawarar da likitocin yara suka fi bayarwa ita ce kada jaka da kayan cikinta su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaron. Ke nan ɗan firamare mai kilo 25 bai kamata kayansa su kai kilo 4 ba. Gorar ruwa mai lita ɗaya kaɗai kilo 1 ce, kafin a zo ga kular abinci da littattafai. Duk ɗan kasuwar da ke da sikeli a shago zai iya auna jakar ɗansa cikin minti guda.

Idan jaka ta yi nauyi, baya take jan yaro. Don kada ya faɗi sai ya sunkuya, ya tura wuyansa gaba, jijiyoyin wuya da kafaɗa da ƙugu su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu tun daga gida har makaranta. Rataya ta a kafaɗa ɗaya, wanda 'yan sakandare ke ɗauka a matsayin gayu, yana karkatar da jiki gefe guda. Ba a tabbatar cewa jaka na haddasa karkacewar ƙashin baya ta dindindin ba, amma ciwon baya da na wuya da gajiya sun isa su hana yaro natsuwa a aji.

Wajen saye, a tafi da yaron ya gwada. A nemi jaka marar nauyi, mai faffaɗan maratayi guda biyu da aka cusa wa soso, kada faɗinta ya wuce bayansa. A ɗaure maratayan har ta kwanta a gadon baya, ba ta riƙa dukan mazaunansa ba. Manyan littattafai su kasance a ɓangaren da ke manne da baya. Mai taya tana da kyau a ido, sai dai a layin da ba kwalta, ko lokacin damina, ɗaukar ta yaro zai koma yi, ga ta kuma ta fi nauyi.

Wani kaso na laifin na makarantu ne. Yara da dama na kwasar littattafan mako guda kullum saboda tsoron bulala idan malami ya nemi wanda babu. Tsayayyen jadawalin darussa da wurin ajiya a aji za su rage rabin wahalar, kuma batu ne da ya cancanci a tayar a taron iyaye da malamai.

Idan yaro ya fara kukan sanyin hannu ko mutuwar yatsu, ko aka ga jan shatin maratayi a kafaɗarsa, a rage kayan nan take. Ciwon da ya ƙi lafawa bayan haka, ko yake tashin sa daga barci, na asibiti ne.