Birnin Kudu: Duwatsun da doka ta kare, da soraye da ba ta kare ba

Matafiyin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil zuwa kudancin jihar Jigawa, abin da zai fara gani kafin ya shiga Birnin Kudu shi ne manyan duwatsu da suka hau kan juna a gefen gari.

A ƙarƙashin wasu daga cikinsu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, wanda a yau ke cikin jerin kayayyakin tarihi na ƙasa a Najeriya.

Mutanen garin sun daɗe da sanin wuraren. Sai dai a shekarun 1950 ne labarinsu ya kai ga masana na waje, bayan da Bernard Fagg, Baturen Ingila da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazari a kansu.

A 1956 ya wallafa bayani kan wasu duwatsu da ya tarar a nan, waɗanda ke ƙara kamar ƙararrawa idan an buge su da ƙaramin dutse. Ramukan da bugun ya bari a jikinsu sun nuna cewa an ɗauki zamani mai tsawo ana kaɗa su.

Shanu marasa tozo

Abin da ya fi jan hankali a zanen shi ne shanun ba su da tozo. Wasu masu dogayen ƙaho ne, wasu kuma gajeru.

Duk wanda ya san kasuwar shanu a ƙasar Hausa ya san cewa bunaji da rahaji, wato masu tozo, su ne suka cika ta. Marasa tozo sai a gefe ake samunsu yanzu, kamar kuri a yankin tafkin Chadi da muturu a kudancin Najeriya.

Wannan ne ya sa masana ke ganin an yi zanen tun kafin shanu masu tozo su mamaye yankin. Ke nan dutsen na ɗauke da shaidar wani zamani na kiwo da babu littafin da ya rubuta shi.

Dokar farko ta kare irin waɗannan kayayyaki an yi ta ne a 1953, a zamanin mulkin mallaka. A 1979 kuma doka mai lamba 77 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda alhakin kula da wuraren ke wuyanta har yanzu.

Amma doka a takarda ba ta hana hayaƙin wuta baƙanta rufin kogo, ba ta kuma hana yaro rubuta sunansa da gawayi a kan zanen da ya girmi kakannin kakanninsa. Ga kuma masu fasa dutse, waɗanda kasuwarsu ke bunƙasa a duk garin da ake ginin siminti.

Ginin ƙasa

Duk da haka, dutse ya fi ƙasa sa'a, domin ko an yi watsi da shi zai jure.

A Hausa, kalmar birni na nufin garin da ganuwa ta kewaye. Ganuwar kuwa, da zaure da soro da shigifa, duk da tubalin ƙasa ake gina su, a yi rufi da azarar giginya, a shafe bango da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kafa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Irin wannan gini yana da sanyi a lokacin bazara, da ɗumi a lokacin hunturu, amma yana da sharaɗi guda: sai an riƙa yi masa yaɓe. Idan damina biyu ko uku suka wuce ba a taɓa shi ba, ruwa zai shiga ta kan zanko, azara ta ruɓe, soro ya rufta.

Daga nan magidanci ba ya neman magini na gargajiya. Bulo da kwano zai saya, kuma da wuya a ga laifinsa, musamman a yanki irin Birnin Kudu da Gwaram inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa.

Matsalar ita ce duk soron da aka maye gurbinsa da bulo, yana tafiya da aikin da zai sa wani matashi ya koyi ɗaurin guga ko bakan gizo. Idan maginan suka ƙare, ko an ware kuɗin gyara babu hannun da zai yi shi.

Manyan birane ma ba su tsira ba. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ta shiga jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2007, amma gidaje da shaguna sun cinye sassa da dama nata.

Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, an lulluɓe abin da ya rage nasa ne da sabon ginin siminti a shekarun 1970.

A garin Djenne na ƙasar Mali, dabarar ta sha bamban. Masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda mutanen gari na fitowa kowace shekara su yi masa yaɓe a gayya, ƙarƙashin jagorancin maginansu.

Agadas ta Jamhuriyar Nijar ma ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, saboda tsohon garinta na ƙasa da hasumiyar masallacinta.

Najeriya kuwa wurare biyu take da su a wannan jeri: Sukur a jihar Adamawa tun 1999, da dajin Osun na Osogbo tun 2005. Babu ginin ƙasa na ƙasar Hausa ko ɗaya a cikinsu.