Yadda A Ke Tsare Gashi Kada Ya Sarƙe Da Dare

Ya kai mai karatu, watakila da ganin kan wannan magana za ka ce, "Ina ruwana da gashi, ni da wanzami ke aske mini kai ƙwal kowace Jumma'a?" Gaskiyarka. Amma kana da mata, kana da 'ya'ya mata, kai ne kuwa mai ba da kuɗin kitso da na mai. In ka taɓa komowa daga sallar asuba a Likoro ka iske 'yarka tana tsala kuka, uwarta ta matse ta tsakanin gwiwoyi tana fama da mataji, to, maganar nan taka ce.

Bari mu fara da sanin gashin kansa. Masana sun ƙiyasta a kan mutum guda akwai sili wajen 100,000. In aka sa sili ɗaya a madubin likita, mai ƙara girman abu, sai a ga ashe ba sumul ya ke ba. Yana da ɓawo ƙanana, wani bisa wani, kamar yadda a ke jera bunu a kan jinka, dukansu sun fuskanci tsinin gashin. Kai da ke noman rake ka san ganyensa. In ka shafa gefensa daga gindi zuwa tsini, sai hannunka ya wuce lafiya. In ka komo da hannun baya, sai ya kama ka, har ya tsaga maka fata. To, haka gashi ya ke. In yana da danshi da mai, ɓawon nan sai ya kwanta. In ya bushe, sai ya tashi, kowane sili ya riƙa kama ɗan'uwansa.

Gashinmu kuwa a nannaɗe ya ke tsirowa, saboda haka man da fatar kai ke fitarwa da ƙyar ya ke gangarawa har tsini. Ga kuma wani abu. Kowace rana sili 50 zuwa 100 na tsigewa daga kan mai lafiya, wannan ba ciwo ba ne. Amma a kan mai gashi da yawa ba su faɗuwa ƙasa. Nan su ke maƙalewa, su naɗe masu rai, kamar zaren masaƙi da yara suka yi wasa da shi.

Da dare ne ɓarnar ta fi yawa. Mai barci ba ya kwana a gefe ɗaya, juyi ya ke ta yi, kansa na gogar tabarma ko matashi. Matashin auduga kuwa shan mai ya ke yi kamar lagwani. Abin ya fi muni da hunturu, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke busowa daga Sahara da ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Iskar da ke tsaga maka leɓe da dunduniya, ita ce ke busar da kan iyalinka.

To, ina magani? Babbansa shi ne kada a kwanta da gashi a sake. Sau da yawa mace kan tsefe kai da la'asar, ta je wurin makitsiya ta iske mutane sun cika, a ce ta komo gobe. Wannan daren guda ya isa ya ɓata aikin wata da watanni. Sai ta raba gashin kashi huɗu ko shida, ta ɗan yayyafa masa ruwa, ta shafa man kaɗanya ko man shanu ko man kwakwa, ta fi ba da ƙarfi wajen tsini, gama nan ne ya fi tsufa, ya fi bushewa. Sa'an nan ta kama kowane kashi ta yi masa kalaba sako-sako. Aikin bai kai na dama fura ba.

Bayan haka a rufe kai da kallabi mai santsi, irin na siliki, a ɗaura shi ba da ƙarfi ba. Yara ƙanana ba su kwana da ɗankwali, kafin tsakar dare sun yar. Ga su dabara ita ce ka kai wa tela tsohon kallabi mai santsi, ya ɗinka wa matashinsu riga. Kada kuma a kwanta da jiƙaƙƙen kai, domin gashi in ya sha ruwa ƙarfinsa raguwa ya ke yi, ga wari in an ɗaure shi haka. Wadda wanka ya kama ta da dare, ba sai ta tsefe kitsonta ba, muddin ruwa na ratsawa har fata. Haka Risala ta nuna. Sai ta tsane kan da ƙyalle sosai kafin ta koma shimfiɗa.

In kuwa gashi ya riga ya sarƙe, kada a yi masa ƙarfi. Kakanninmu sun san maganinsa, watau karkashi. A jiƙa garinsa a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace, a zuba wa gashin ya jiƙu. A fara warwarewa da yatsu, sa'an nan a sa mataji mai manyan haƙora. A soma daga tsini, ana hawa kaɗan kaɗan zuwa gindi. Wanda ya soma daga gindi, tara ƙullin ya ke yi wuri guda, kamar mai jan igiyar guga da ta harɗe, ƙarshenta sai almakashi. Ka tuna gashi da ƙyar ya ke ƙaruwa rabin inci a wata. Wanda ya kai taƙi guda ya ci wajen shekara biyu yana tsirowa. Kai ma mai gemu, haka za ka taje naka.

Akwai kuskuren da a ke yi don tsimin kuɗi, na ga ya kamata in faɗa. Wasu kan ce wa makitsiya ta ja kitso ƙwarai don ya daɗe. Kitso mai tsanani tsige gashin goshi ya ke yi, in aka daɗe ana yi, wurin ba ya sake tsirowa. In ka ga ƙuraje ƙanana a bakin kitson yarinya, ko ta kasa kwanciya don zafi, sa a sassauta. Barin kitso ya daɗe shi ma ɓarna ce, gama silin da suka tsige suna taruwa a gindi su dunƙule. A ganina mako biyu ko uku ya isa ga yarinya.

Ran da aka tsefe kai, a duba fatar da kyau cikin hasken rana. In an ga ƙwarƙwata, ka sani ba tashi ta ke yi ba, ba ta tsalle, rarrafe ta ke yi daga kai zuwa kai wurin kwana. Ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kwana 7 zuwa 10, saboda haka a sake sa magani bayan mako guda. Kada ka yarda a zuba wa yaro kananzir ko fiya-fiya a kai, ɗaya na kama wuta, ɗaya guba ce mai shiga ta fata. In kuwa an ga wuri ya yi fari-fari, gashinsa ya kakkarye, wannan kora ce. Shafe-shafe ba su kashe ta, domin tana cikin silin gashin. Tun shekarar 1958 likitoci suka fara warkar da ita da maganin sha, a kan yi makonni ana shansa. Kai yaron asibiti, a ware masa matajinsa da matashinsa, in namiji ne kuma ka saya masa sabuwar reza ran aski.