Tambaya ɗaya, amsa ɗaya: mece ce dalla a ilimin jabaru?

Wasu daga cikin ɗalibanmu na nan Umbadda da ke shirin jarrabawar sakandare sun koka a kan darasin lissafin da ake kira dalla. Wai malami zai rubuta mu'adala ya ce su faɗa ko dalla ce ko a'a, sai kai ya ɗaure. To, mu dai mun san abin nan tun a zauren fiƙihu, suna ne kawai ba mu sa masa ba.

Ilimin jabaru ya samo sunansa daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajejen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma kaso mai yawa na littafin a kan wasiyya da gado yake.

Ƙa'idar ita ce: duk adadin da ka zuba a gurbin x, ya fitar maka da y guda ɗaya tak. A littafin makaranta sin da sad za ku gani. In an samu x ko da ɗaya da ya haifar da amsa biyu, to ba dalla ba ce.

Mu ɗauki zakkar zinariya. In ta kai nisabi, wato kimanin giram 85, shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya bisa arba'in: y = x ÷ 40. Mai giram 200 zai ba da giram 5, ko a Suk Libiya yake ko a Kano. Wannan dalla ce.

Sai zakkar tumaki da awaki. Daga 40 zuwa 120 ana ba da ɗaya, daga 121 zuwa 200 ana ba da biyu. Mai 50 da mai 100 amsarsu ɗaya, kuma ba laifi, don kowanne ya san abin da ke kansa. Haka y = x² take: 3 da −3 duk suna ba da 9, dalla ce. Amma juya ta, ka rubuta y² = x. In x ya zama 9, y zai iya zama 3 ko −3. Nan ta fita daga dalla, kamar wanda ya ce maka tunkiya ɗaya ya bayar, ya ce ka faɗi yawan garkensa.

Ga inda abin ya shafi haƙƙin mutane. Wani ya zo ya ce: mamaci ya bar fam 800,000 bayan biyan bashi da wasiyya, nawa ne rabon matarsa? Aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta ba ta rubu'i in bai bar ɗa ba, sumuni in ya bari. Ke nan ko 200,000 ko 100,000. Yawan dukiya kaɗai bai yanke amsa ba, sai an san magada. Wanda ya yi garaje ya ba da amsa, ko ya tauye bazawara ko ya ci haƙƙin marayu.

Saboda haka ɗalibi, gwada lambobi, ka duba ko wata za ta ba ka amsa biyu. Kai kuma mai rabon gado, in ka ga amsa biyu, akwai tambayar da ba ka yi ba tukuna. Allah ne mafi sani. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.