Tsohuwar Land Rover A Jos: Ɗaure Kusa Ba Shi Ne Gyaran Sitiyari Ba

Duk wanda ya zaga garejojin garin Jos, tun daga Farin Gada har zuwa Bukuru, yakan ci karo da wata tsohuwar Land Rover an ɗage gabanta da jak, yaran gareji suna kwance a ƙarƙashinta. Irin wannan mota ta daɗe da zama 'yar gida a ƙasar Filato, domin ta yi wa masu haƙar kuza da ma'aikatan gwamnati aiki a kan hanyoyin da ƙananan motoci ba sa iya bi, tun zamanin kamfanin ATMN.

A shekarar 1948 aka fara ƙera ta a Ingila. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku kuma a 1971, aka ci gaba da yin sa har 1985, kuma akwai lokacin da kamfanin Leyland yake harhaɗa ta a Ibadan. A wannan shekara ta 1985 kasuwar kuza ta duniya ta karye, a 1986 kuma darajar Naira ta faɗi, sababbin kayan gyara suka fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Daga nan ne kwance tsohon abu a sake ɗaure shi ya ƙara zama sana'ar makanikai, har da akwatin sitiyari, wanda rayukan duk mutanen da ke cikin mota suka rataya a kansa.

Kukan da masu waɗannan motoci suka fi yi iri biyu ne. Wani ya biya kuɗi an gyara masa akwatin, amma ya tarar har yanzu motar tana yawo a kan titi, sai ya yi ta juya sitiyari dama da hagu kafin ta tafi sosai. Wani kuwa sitiyarin ne ya yi tauri, idan ya sha kwana ba ya komawa tsakiya da kansa. Sau da yawa kuka na biyu daga maganin na farko yake fitowa, wato an yi gyaran gangar Auzinawa.

Yadda Abin Yake Aiki

Direbobin da suka saba da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sun san sitiyari mai sanda mai haƙora, wanda yake tura ƙafafun gaba kusan kai tsaye. Na Land Rover ba haka yake ba. Sandar sitiyarinta tana ƙarewa ne da zare mai murɗi a cikin akwati, akwai kuma wani babban noti da yake tafiya a kan zaren bisa ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Notin ne yake juya wani gajeren ƙarfe, shi kuma ya motsa hannun da ke rataye a wajen akwatin.

Daga wannan hannu sanda ta farko take miƙewa gaba zuwa wani ɗan akwati na biyu da ke dashe a cikin shasi, wanda makanikai ke kira rile. Daga rile sanda ta biyu take zuwa ƙafa ɗaya, ta uku kuma ta haɗa ƙafafun biyu. Kowace sanda tana da gaɓa biyu, jimla shida ke nan. Idan kowace gaɓa ta ɗan yi lako-lako, to, kafin motsin ya taru ya iso hannun direba ya zama babban wasa, alhali kuwa akwatin sitiyarin lafiyarsa ƙalau.

A Fara Da Neman Inda Ciwon Yake

Saboda haka makaniken da ya san aikinsa ba ya taɓa akwatin sai ya gama bincike. Yakan ajiye motar a fili mai daidai, tayoyinta a ƙasa suna ɗauke da nauyinta, ya sa yaro ya riƙa girgiza sitiyari kaɗan-kaɗan, shi kuwa ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana dafa su da hannu. Inda ƙarfe ɗaya ya motsa na kusa da shi bai motsa ba, nan gizo ke saƙa.

Bayan gaɓoɓin, yakan duba kusoshin da suka riƙe akwatin kansa, domin akwatin da yake rawa a mazauninsa yana ba da wasa daidai da wanda cikinsa ya ci. Yakan duba ko rile yana motsi a cikin raminsa, da ko hannayensa biyu sun kama haƙoransu sosai. Rile yana shan man giya mai lamba 90, kuma sau da yawa akan mance da shi shekara da shekaru har ya bushe ya ƙage. Yawancin taurin da ake ɗora wa akwati laifinsa daga nan yake. Akwai kuma sifirin mai ƙarfi a matse a cikinsa, wanda yake iya tsalle ya ji wa mutum ciwo, don haka ba aikin da za a bar wa sabon yaro ba ne.

Daga nan sai a ɗage gaban motar, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, don a gane ko boris ya saki ko kuwa ƙusoshin da ƙafar take juyawa a kansu sun ci. A duba ƙarafan da suka ɗaure sifirin da gatarin ƙafafu, a auna iskar tayoyi, a kuma tabbata ba a gwama tayoyi masu saƙa iri dabam-dabam a gaba ba. Gaban tayoyin gaba kuwa ana so ya ɗan fi bayansu matsowa ciki da abin da bai kasa milimita 1.2 ba, bai kuma wuce 2.4 ba.

Kusar Da Ke Ruɗin Mutane

A jikin murfin akwatin akwai wata kusa mai noti a kanta. Aikinta guda ɗaya ne, wato ta hana gajeren ƙarfen nan zamewa ciki da waje. Ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya ci, ba ta kuma gyara wasan doguwar sandar sitiyari idan tana hawa da sauka. Wannan da siraran faifan ƙarfe ake daidaita shi lokacin ɗaure akwatin, kuma idan aka yi kuskure a wurin, ko aka bar ƙwallo ɗaya ya ɓata a cikin ƙasar gareji, babu makawa sai an sake kwancewa.

Kafin a taɓa kusar, dole ne a nemo tsakiyar akwatin. Akan cire sanda ta farko daga hannun akwatin, a juya sitiyari har ƙarshen dama, a komo har ƙarshen hagu ana ƙidaya juyi, sa'an nan a raba biyu. Wannan ita ce tsakiya, kuma a nan ya kamata ƙafafun su miƙe sak. Wanda ya ga sitiyari a karkace ya cire shi ya sake dasawa don ya yi kyaun gani, ya rufe ciwo ne da riga.

A tsakiyar ce ake sassauta notin, a murɗa kusar a hankali har wasan ya ɓace, a tsaya nan. A riƙe ta da sukundireba yayin da ake ɗaure notin, don kada ta bi shi ta ƙara matsewa. Sa'an nan a juya sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe da yatsu. Idan aka ji ya cije a wani wuri, an wuce gona da iri, sai a ɗan sassauta.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, mota ta fi yin tafiya a miƙe, saboda haka tsakiyar zaren ce take fara ci. Idan mai gyara ya canza roba da boris ya bar tsohon zare, sa'an nan ya matse kusar har wasan tsakiya ya ɓace, to, sitiyarin zai riƙa kamewa a gefe inda ƙarfen bai ci ba, wato daidai lokacin da direba yake cikin kwana. Irin wannan akwati sabon zare yake bukata. Bugu da ƙari, kusoshin tsayarwa da ke jikin ƙafafu su ya kamata su tare juyin kafin akwatin ya kai ƙarshensa, in ba haka ba duk kwana mai tsanani cikinsa take daka. A ƙarshe a cika shi da man giya, a bar motar ta kwana, da safe a duba ko yana yoyo.

Ɗan Wasa Ba Laifi Ba Ne

Ya kamata masu motoci su san cewa sitiyari mai akwati ba zai taɓa zama kamar na Peugeot ba. Ko a Ingila, ƙa'idar gwajin mota ta shekara-shekara ta yarda da wasan da ya kai milimita 75 a bakin sitiyari mai faɗin milimita 380 idan mai akwati ne, amma milimita 13 kaɗai ga mai sandar haƙora. Mai motar da ya tsaya a kan makanike yana cewa a ƙara ɗaurewa har sai babu wasa ko kaɗan, shi yake jawo wa kansa haɗari da kuɗinsa.

Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma mai fita daga cikinta zuwa Akwanga sai ya gangara Hawan Kibo, wurin da ya ci rayuka da yawa. A kan irin wannan gangara, sitiyarin da ya ƙi komawa bayan kwana ba ya ba direba lokacin tunani. Don haka kafin a ɗora wa motar kaya da mutane, a fara gwada ta a fili da ƙaramin gudu, a sha kwana dama da hagu, a sassauta hannu a ga ko sitiyarin zai nemi tsakiya da kansa. Idan bai nema ba, a mayar da ita gareji, ko da kuwa an riga an biya kuɗin aiki. Allah Ya kiyaye hanya.