Burauza da Sirrin Mai Amfani da Ita: Gardama a kan Saitin Asali

Gabatarwa

Duk wanda ya sayi sabuwar waya ko kwamfuta yakan tarar an riga an ɗora mata burauza, watau manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Safari da Edge. Yakan kuma tarar an riga an yanke masa shawara a kan abubuwa da dama kafin ya taɓa komi: inda bincikensa zai tafi, abin da za a ajiye game da shi, da wanda za a bari ya ga wannan ajiya. Waɗannan shawarwari da aka yanke tun daga masana'anta su ake kira saitin asali. Gaskiya ne mai kaya yana da ikon canza su, amma kaɗan ne suke yin haka. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake bin sawun mutum ta hanyar burauzarsa, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa gardamar da aka shafe shekara talatin ana yi a kan sirrin masu shiga intanet ta fi tsayawa a kan saitin asali, ba a kan maɓallan da aka ɓoye a can ciki ba.

Yadda bin sawu ya samo asali

A farkon al'amari shafukan intanet ba su da tunawa. Idan mutum ya buɗe shafi ya koma na gaba, kwamfutar da ke riƙe da shafin ba ta san cewa shi ne ya zo ɗazu ba. Wannan ya hana ciniki, domin ba yadda mai kanti zai tuna kayan da mai saye ya zaɓa. A shekarar 1994 wani injiniya na kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro abin da ake kira kuki. Kuki ɗan gajeren rubutu ne da shafi yake ba burauza ta ajiye, ita kuma ta riƙa miƙa masa duk sa'ad da ta dawo. Misalinsa kamar katin asibiti ne: katin ba ya ɗauke da komi sai lamba, amma da zarar an miƙa shi sai malamin asibiti ya zaro fayil, ya ga duk abin da aka rubuta tun zuwan farko.

Da abin ya tsaya nan, da babu abin cewa. Matsalar ita ce shafi guda ba daga wuri guda yake zuwa ba. Jaridar da mutum yake karantawa ta kamfani ɗaya ce, amma tallar da ke gefenta daga kwamfutar wani kamfani dabam take fitowa, shi ma kuwa yana iya ba da nasa katin. Idan wannan mai talla yana da gurbi a shafuka dubu, to, kati ɗaya ne za a riƙa miƙa masa a dukkansu. Ta haka sai ya san cewa mai lamba kaza ya karanta bayanin ciwon sukari da safe, ya nemi hanyar cin bashi da rana, ya leƙa shafin wata jam'iyya da dare. Wannan shi ne kukin ɓangare na uku, watau na wanda ba shi aka zo wurinsa ba. Ba a buƙatar sunan mutum kafin a san shi. Ranar da ya shiga wani shafi da sunansa na gaskiya, ana iya haɗa lambar da sunan.

Abin lura shi ne tun da wuri aka hango haɗarin. Ƙa'idar kuki ta farko da ƙungiyar injiniyoyin intanet ta IETF ta fitar a 1997, wadda Montulli da kansa yana cikin marubutanta, ta nemi kada burauza ta karɓi irin wannan kuki sai in mai ita ne ya buɗe ƙofa da hannunsa. Manyan burauzoji biyu na wancan zamani, ta Netscape da ta Microsoft, ba su bi ba. Suka bar ƙofar a buɗe, suka sa maɓallin rufewa ga mai so. A kan wannan buɗaɗɗiyar ƙofa aka gina kasuwa sukutum. Kamfanin DoubleClick, wanda yake cikin na farko a wannan sana'a, Google ya saye shi a 2008 a kan dala biliyan 3.1.

Darajar saitin asali

Mai son sanin ƙarfin saitin asali ya dubi abin da ake biya dominsa. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa kamfanin ya kashe dala biliyan 26.3 a shekarar 2021 kaɗai don injin bincikensa ya zama shi ne na asali a wayoyi da burauzoji, kuma kimanin biliyan 20 ya shiga hannun Apple a 2022. Canza injin bincike bai wuce taɓa maɓalli uku ko huɗu ba. Ruwa ba ya tsami banza: kamfanin ya san mafi yawan jama'a inda aka ajiye su nan suke zama. Alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci a watan Agusta 2024 cewa Google ya riƙe kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Labarin da ya fi kowanne fito da wannan batu fili shi ne na saƙon da aka raɗa wa suna Do Not Track, ma'ana kada a bi sawuna. Wasu masu bincike ne suka kawo shawarar a 2009, Firefox kuma ta sa shi a 2011. Aikinsa mai sauƙi ne: burauza za ta riƙa gaya wa kowane shafi cewa mai ita ba ya son a bi sawunsa. Roƙo ne kawai, ba katanga ba. Muddin maɓallin yana kashe, sai wanda ya neme shi ya kunna, masu talla ba su tayar da jijiyar wuya sosai ba. Amma a 2012 Microsoft ya ba da sanarwar cewa Internet Explorer 10 za ta zo da shi a kunne. Nan take aka yi ca. Ƙungiyoyin masu talla suka ce ba za su girmama saƙon ba, hujjarsu kuwa ita ce ba zaɓin mutum ba ne, zaɓin kamfani ne. Kamfanin Yahoo ya fito fili ya ce zai yi watsi da shi. Har ma Roy Fielding, ɗaya daga cikin masu tsara ƙa'idar, ya sa gyara a manhajar Apache, wadda shafuka masu yawan gaske suke aiki da ita, don ta share saƙon idan daga wannan burauza ya fito, ko da yake daga baya an janye gyaran.

Hujjar tasu tana da ɗan kamshin gaskiya, amma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Idan shirun mutum bai isa ya zama ƙi ba, yaya aka yi tun 1997 ake ɗaukar wannan shirun a matsayin yarda? A ƙarshe Microsoft ya ja da baya a 2015, kwamitin da ke aikin ƙa'idar kuma ya watse a farkon 2019. A wannan shekarar ce dai babbar kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Planet49, ta ce akwatin yarda da aka riga aka cike wa mutum ba yarda ba ce.

Ita kuwa Safari ta kamfanin Apple tun da daɗewa ta taƙaita kukin ɓangare na uku a saitinta na asali. A 2012 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, Jonathan Mayer, ya gano cewa Google da wasu kamfanonin talla sun sami kafar zagaye wannan shinge. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci Google tarar dala miliyan 22.5.

Daga roƙo zuwa rufe ƙofa

Da aka ga roƙo bai yi ba, sai aka koma ga hanawa. A 2017 Safari ta fara gane masu bin sawu da kanta tana rage wa kukinsu kwana, a 2020 kuma ta toshe kukin ɓangare na uku gaba ɗaya. Firefox ta bi wata hanya. Daga fitowa ta 69, a watan Satumba 2019, ta riƙa toshe duk wanda sunansa yake cikin jerin sanannun masu bin sawu. Raunin jeri a bayyane yake, domin wanda bai shiga ciki ba ya tsira. Saboda haka a watan Yuni 2022 ta kunna wa masu kwamfuta wani tsari da ya fi wannan hikima: kowane shafi da nasa tulun ajiya. Mai talla yana iya ba da kati a shafin jarida, amma idan ya sake haɗuwa da mutumin a shafin asibiti, wannan katin ba zai fito ba, sai dai ya ba da sabo. Ba a kore shi ba, an dai hana shi haɗa labarin nan da na can.

Chrome, wadda ta fi kowace burauza yawan jama'a, kuma ita ake tararwa a mafi yawan wayoyin Android, tata tafiyar dabam ce. A watan Janairu 2020 Google ya yi alkawarin kawar da kukin ɓangare na uku cikin shekara biyu. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. A watan Yuli 2024 ya ce ya fasa, zai dai tambayi kowa zaɓinsa. A watan Afrilu 2025 ya ce ko tambayar ma ba zai yi ba. Mafi yawan kuɗin shigar kamfanin daga talla suke, wannan ba ɓoyayye ba ne. Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa baki tun 2021, tana tsoron cewa idan aka kawar da kukin, ƙananan masu talla za su makance, shi kuwa Google, wanda jama'a ke shiga shafukansa kai tsaye, zai ci gaba da gani. Ga shi nan kare sirri da kare gasa sun ja wa juna igiya.

Rufe ƙofa ma yana da nasa farashi. Akwai shafukan da shiga asusu ko biyan kuɗi a cikinsu ya dogara da kukin wani kamfani, idan an toshe sai su ƙi aiki, mai waya kuma burauzar zai zarga, ya koma wata. Wannan ya sa masu ƙera ta suke takawa sannu. Su kansu ba su kuɓuta daga zargi ba: a 2024 Firefox ta kunna wani tsarin auna tasirin talla ba tare da ta tambayi masu ita ba, har wata ƙungiyar kare sirri a Austriya ta kai ƙara. Haka nan tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, mutane da yawa sun yi mata mummunar fahimta. Abin da take yi shi ne share sawu daga na'urar da ke hannu, don kada wanda ya ari wayar ya gani. Ba ta ɓoye mutum daga shafin da ya shiga ko kamfanin da ya sayar masa da data. A 2024 Google ya yarda ya goge ɗimbin bayanai don sasanta ƙarar da aka shigar a kan wannan taga.

Saura hanya guda ta bin sawu wadda ba ta buƙatar kati ko kaɗan. Kowace burauza tana faɗa wa shafi wasu abubuwa game da kanta: girman fuskar na'ura, harshen da aka zaɓa, agogon ƙasa, ire-iren haruffan da ke ciki. Kowane ɗaya ba komi ba ne, amma idan aka tara su sai su zama kamar zanen yatsa. A 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar EFF ya gwada burauzoji kusan 470,000, ya tarar kashi 83.6 cikin ɗari ba su da tamka a cikin taron. Nan ne shawarar da aka saba ba mutane, cewa kowa ya shiga ya gyara saitinsa, take juyewa a kan mai bin ta. Wanda ya canza abubuwa goma shi kaɗai ya zama kamar mai jar hula a sahun masu farare, daga nesa ake nuna shi. Maganin zanen yatsa shi ne kamanni, kamanni kuwa ba ya samuwa sai in an ɗinka wa kowa riga iri ɗaya tun daga masana'anta. A kan wannan aka gina burauzar Tor, wadda take ƙoƙarin sa masu amfani da ita su yi kama da juna, har takan rage faɗin shafi zuwa wasu ma'aunai ƙayyadaddu don kada girman taga ya tona asirin mai ita.

Shi kansa saƙon Do Not Track bai tsira daga wannan tarko ba. Da yake 'yan kaɗan ne suka kunna shi, kunnawar ta zama ƙarin alama da ake rarrabe su da ita. Dalilin da Apple ya bayar ke nan sa'ad da ya cire shi daga Safari a 2019. Firefox, wadda ta fara sa shi, ta cire maɓallin a farkon 2025.