Bernard Fagg da duwatsu masu amo na Birnin Kudu

A shekarar 1955 ne wani masanin tarihin zamanin da, Bernard Fagg, ya lura cewa wasu duwatsu a Birnin Kudu, cikin jihar Jigawa ta yanzu, suna ba da amo irin na kuge idan aka buga su da ƙaramin dutse.

Abin da ya kai shi garin shi ne zane-zanen da ke jikin duwatsu kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Sai dai ramukan da ya gani a gefen wasu falalen duwatsun, waɗanda yawan bugu ya sa suka yi sumul, sun nuna masa cewa an daɗe ana kiɗa a wurin. A 1956 ya wallafa bayanin binciken a mujallar Man ta Ingila, daga nan kuma masu bincike suka shiga gano irin waɗannan duwatsu a wasu sassan Afirka.

An haifi Fagg a 1915, ya kuma yi karatu a jami'ar Cambridge, inda ya haɗa nazarin Girka da Rum ta da da ilimin tono kayan tarihi. Ya zo Najeriya a 1939 a matsayin jami'in mulkin mallaka, kuma a Jos ya fara cin karo da kawunan yumɓu da masu haƙar kuza ke tonowa, waɗanda ya laƙaba wa sunan al'adar Nok. Shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya shugabanci sashen kayan tarihi na Najeriya daga 1957, sannan a 1963 ya koma Oxford ya riƙe gidan tarihi na Pitt Rivers. Ya rasu a 1987.

Shanu marasa tozo

Abin da ya fi muhimmanci a zane-zanen Birnin Kudu shi ne irin shanun da aka zana. Babu tozo a bayansu. Wasu dogayen ƙaho gare su, wasu gajeru, kamar muturu.

Duk wanda ya shiga kasuwar shanu a wannan yanki a yau, masu tozo zai gani, irin su bunaji da rahaji. Ke nan waɗanda suka yi zanen sun san wani irin garke dabam, wanda ya riga na Fulanin yanzu zama a ƙasar. Wannan babi ne da littattafan tarihin sarakuna, irin su Tarihin Kano, ba su kula da shi ba, domin su hankalinsu yana kan sarauta ne da yaƙe-yaƙe.

Akwai makamantan zane-zanen a Shira, maƙwabciyar Gwaram ta ɓangaren jihar Bauchi, da kuma Geji, abin da ke nuna cewa al'adar ta wuce gari guda.

Wasu daga cikin duwatsun Birnin Kudu suna cikin jerin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Amma doka a takarda ba ta hana ruwan sama da rana kashe launin zane, kuma dutsen da mai fasa tsakuwa ya raba biyu ya daina amo ke nan.